Modem ɗin da Renny ya aiko daga Lima

Na karanta abin da kuka rubuta a ƙarƙashin labarina na makon jiya. Wata ta ce ni matsoraci ne, wani kuma ya ce in ƙyale 'yar mutane ta tafi inda za ta ci ta ƙoshi. Ban ji haushi ba. Duk ku biyun kuna da gaskiya, kuma ni yanzu ko ƙarfin jin haushin ba ni da shi.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Deivis. A saman tudun unguwarmu nake, a birnin Barquisimeto, ni da mahaifiyata. Na bar makaranta a tsakiyar sakandare, ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na yi yaron mota, na wanke babura, na sayar da ɗanyen mangwaro da gishiri a bakin titi, sai daga baya hannuna ya zauna a kan gyaran kwamfuta. Shi kaɗai ne aikin da zan daɗe a kansa ƙafata ba ta fara rawa ba. Marbelis kuwa a layinmu take, gidan da ke da koren ƙofa. Tun muna yara nake sonta, kuma har yau ban faɗa mata ba. Sai ga Renny, ɗan unguwarmu da ya tafi Lima, can ƙasar waje, yana aiki a gidan gasa kaji. Shi yake aiko wa kakar Marbelis maganin hawan jini, da sabulu, da man goge baki. Mahaifiyarta, Doña Zoraida, ta riga ta gama lissafinta a kansa.

Ranar Litinin da safe saƙon Marbelis ya shigo 'yar wayata mai maɓalli.

"Injiniya, Mama na nemanka. Ka zo da kayan aikinka."

Injiniya take kirana idan tana son tsokana. Na zura silifas na tafi.

Na sami falonsu an fara gyara shi. An cire ledar da ke rufe kujeru an wanke, an jera bokitan ruwa a bayan ƙofa don kada su fito a hoto, an canza kyandir a gaban hoton Maryamu. Kaka Eufemia tana kan kujerarta ta gindin taga, ƙafafunta a kumbure cikin safa. Na durƙusa na roƙi albarka kamar yadda aka saba, ta zana mini gicciye a goshi ta ce Allah ya yi mini albarka, ya kuma ba ni nama a jiki.

Doña Zoraida ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce ranar Lahadi bayan an dawo daga coci Renny zai nemi auren Marbelis ta kiran bidiyo, shi da mahaifiyarsa. Ba a yin irin wannan a shagon intanet a gaban 'yan wasan kwamfuta. A cikin gida ake yi, a gaban babba, kuma Kaka ta daɗe ba ta sauka daga tudun nan ba. Shi ya sa Renny ya aiko da modem, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta ta samu intanet, ta hannun wani da ya dawo, aka saka masa layi a nan. Ga shi sun soka shi a kwamfuta ya ƙi yin komai.

Na tambayi abin da suka gwada. Ta ce ta hura bakin, ta goge shi da turare, ta kwantar da shi cikin shinkafa ya kwana, ta kuma ajiye shi a gaban hoton Maryamu. Marbelis tana tsaye a ƙofar kicin, da rigarta rawaya wadda wanki ya cinye wa launi, tana danne dariya.

Kwamfutar irin ƙananan nan ce da aka raba musu a makaranta, masu aiki da manhajar Linux. Wani ɗan'uwansu ya taɓa goge ta ya ɗora mata wani Linux ɗin daga tsohon faifai, ya yanke abubuwa da yawa wai don ta yi sauri. Na soka modem ɗin. Fitilarsa ta kama ja tana ƙiftawa. Na cire, na gwada sauran bakunan, duk ɗaya. Na buɗe baƙin allo na rubuta lsusb, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta lissafo duk abin da aka soka mata. Na duba babu modem, na sake dubawa da shi. Sabon layi ya bayyana. To bakin lafiya lau, modem ɗin ma da ransa. Na rubuta dmesg in ji me ta ɗauke shi, sai ta ce ta ga faifan CD.

A nan na gane ciwon. Irin waɗannan modem ɗin haka ake yin su: da an soka su sai su nuna kansu a matsayin faifai mai ɗauke da manhajar wata irin kwamfutar. A Linux akwai 'yar manhaja da ke gaya musu su daina wannan su koma modem, sannan direban da ke ciki, wato manhajar da ke tuƙa su, ya kama su su fara aiki. Ita ce ɗan'uwan nasu ya yanke.

Na yi wa Doña Zoraida bayani. Ta saurara hannu a ƙugu.

"To ka saka mata mana."

"Sai an sauko da ita daga intanet, Doña."

"To ka sauko da ita."

"Intanet ɗin ta modem ɗin zai shigo."

Ta daɗe tana kallona kamar ni na ƙirƙiro matsalar. Na ce hanya ɗaya ce: a sauka kasuwa shagon intanet na Don Arístides, a sauko da manhajar a filas, a hawo da ita da ƙafa. Ɗaukar kwamfutar zuwa can kuwa ba ta taso ba, kun san abin da ɓarayi ke yi wa mai jakar kwamfuta a kan gadar da ke hanyar kasuwa. Ta amince, amma ta ce Marbelis ta bi ni, don duk unguwa an san Deivis, in aka aike shi sayen burodi sai ya dawo da labarin garin Cabudare.

Haka muka sauka tare. Babu bas, tayoyi sun ƙare musu tun bara, sai motocin ɗaukar shanu da ake cusa mutane a baya, mu kuma muka gwammace ƙafa. Rana tana dukan tsakar ka. Silifas ɗinta na hagu an ɗaure shi da waya, tana tafiya tana ɗan ja. Kun san me na yi mata hira a kai duk tsawon hanyar? Ƙwallon sanda. Daga nan na koma bayanin bambancin bakin USB mai ƙarfi da mara ƙarfi. Ita kuma tana cewa "uhm", tana kare fuska da tafin hannu.

Mun sami shagon babu wuta. Muka zauna a dakali har ta dawo, Don Arístides yana fifita da kwali yana zagin duniya. Na sauko da manhajar, muka hawo tudu.

Ranar nan da gaskiya na yi aiki, wannan ku rubuta mini shi. Na ba kwamfutar manhajar, ta ƙi karɓa. Ta rubuto a baƙin allo cewa ba za ta zauna ita kaɗai ba, tana buƙatar wasu ƙanana guda uku kafin ta yi aiki, ta jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na karanta. Marbelis tana tsaye a bayana tana shan ruwa. Doña Zoraida ta leƙo daga kicin ta ce ya ake ciki.

Na ce, "Saura guda ɗaya, Doña. Sai mun koma gobe."

Ban shirya faɗin haka ba. Bakina ne ya riga ni. Kuma a aikinmu akwai abin da duk mai gyara ya dogara da shi: ba wanda ke karanta baƙin allo. Mutane da sun ga rubutu fari a kan baƙi sai su kau da kai kamar an buɗe cikin akuya a gabansu. Na share allon na rufe kwamfutar.

Talata ba mu je ba, ranar ce masu lambar katin shaida irin ta Marbelis ke bin layin sayen garin masara, tun asuba take tsaye. Laraba muka sake sauka. A wannan karon na saya mata ruwan rake da lemun tsami a leda, muka raba. Ta ba ni labarin ɗakin da Renny ya ce ya kama, wai tagarsa tana kallon bango, kuma a Lima sama ba ta yin shuɗi sai toka-toka. Ba ta faɗa da murna ba, ba ta kuma faɗa da baƙin ciki ba. Kamar mai karanta takardar magani. Ta dube ni tana jira. Maimakon in faɗi abin da ke raina, sai na tambaye ta ko ta san modem ɗin yana da wurin saka ƙaramin kati. Ta ce ba ta sani ba. Na sauko da guda ɗaya cikin ukun, muka hawo, kwamfuta ta sake ƙi, na sake cewa saura ɗaya.

Doña Zoraida ta ce wannan na'ura ta fi ofishin fasfo son takardu.

Da yamma Mamata ta ajiye mini arepa, wainar masararmu, da baƙin wake, ta zauna a gabana ba ta ci nata ba. Mahaifiyata ba ta san komai a kan kwamfuta ba, amma ni ta san ni. Ta ce ta ga na gyara na'urar buga takardun coci kafin kofi ya huce, yaya ɗan abin da bai kai yatsa ba zai cinye mini kwana uku. Na ce aikin ne haka.

"Zoraida ƙawata ce tun ba a haife ka ba," ta ce. "In za ka gyara musu, gyara. In ba za ka gyara ba, ka ce ba ka iya ba su nemi wani. Amma kada ka riƙa jan yarinyar nan a rana."

Na ce ai ba ni da abin da zan ba ta. Renny yana aiko magani, ni ko takalmin kirki ba ni da shi. Abin da kamar wuya, wai gurguwa da auren nesa. Mama ta ce ita ba ta ce in aure ta ba, ba ta kuma ce in bar ta ba, cewa ta yi in daina wahalar da ƙafar mutane. Ta tashi ta kwashe kwanon tun ban gama ba.

Alhamis wuta ba ta zo kasuwa ba sam. Juma'a muka sauka karo na uku. Marbelis tana tafe tana kallon ƙasa. Ta ɗaure gashinta da tsumma, akwai ƙurji a inda wayar silifas ke gogar yatsanta. A shagon ta jawo kujera ta zauna daf da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Na buɗe shafin, na danna guda ɗaya, na miƙa hannu zan zare filas.

"Saura nawa, Deivis?"

Ba Injiniya ta ce ba. Na ce wannan ce ta ƙarshe in Allah ya yarda.

"Uku ta rubuta ranar Litinin. Ina bayanka. Shekara nawa na yi da kwamfutar nan a makaranta, kana zaton ban iya karatu ba?"

Na janye hannuna daga filas ɗin. Yaran da ke wasa a gefe suna ta ihu a kan allo, Don Arístides yana gyangyaɗi. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa wa mamanta ba.

"Na ɗauka akwai dalilin da ya sa kake son mu yi ta saukowa. Na ce bari in ji dalilin. Na ji ƙwallon sanda, na ji bakin USB." Ta cire silifas ɗin ta duba ƙurjin, ta mayar. "Sauko da su duka. Ƙafata ta gaji."

Na sauko da su duka.

Ba zan ɓoye muku ba, ko a hanyar dawowa ban ce komai ba. Ku zage ni, na ba ku dama. Tudun nan ban taɓa jin tsawonsa irin na ranar ba. Tana gaba ina baya, filas ɗin a aljihuna.

Aikin bai ɗauki komai ba. Na ba kwamfutar ƙananan, ta karɓa, na ba ta babbar, ta karɓa. Na zare modem na sake sokawa. Hoton faifan ya bayyana ya ɓace. Na rubuta lsusb, lambar modem ɗin ta canza, alamar ya koma abin da yake. Direban ya kama shi nan take. Na saka bayanan layin, fitila ta bar ja ta koma kore, amma ta ƙi yin shuɗi, kuma sai ta yi shuɗi ne ake samun ƙarfin da zai ɗauki bidiyo. Gidansu a wani ɗan kwari yake a kan tudun, bayan tankin ruwa. Na ɗauko doguwar wayar USB daga jakata na yi ta yawo da modem ɗin a falo, sama da ƙasa, kamar mai neman inda rufi ke yoyo. Wuri ɗaya kawai ya yi shuɗi: a taga, saman kan Kaka Eufemia, hannu a miƙe har waje da ƙarfen tagar. Na gwada ɗaure shi da igiya, ya karkace ya koma kore. Na gwada sanda, iska ta juya shi. Sai dai mutum ya riƙe, ya ɗan karkata shi wajen tudu.

Doña Zoraida ta rungume ni har na ji ƙamshin albasa a rigarta. Ta ce ai shi ke nan, ranar Lahadi ni zan zo in riƙe, tunda ni na san karkatar. Ta ce in sa riga mai kyau ko da ba zan fito a hoto ba. Ta naɗe mini arepa biyu a takarda.

Kun ga inda na kai kaina. Kuma na san abin da wasunku ke tunani, don ni ma na yi tunaninsa tun kafin in kai gida. Ɗan sassauta wuyan hannu kaɗai ya isa. Fitila ta koma kore, fuskar Renny ta daskare a allo, a ce sabis ne. Wa zai zarge ni? A garin nan kullum sabis yana ɗaukewa.

Asabar da rana ina wanke farar rigata saƙonta ya shigo.

"Na san abin da kake tunani."

Na rubuta, "Ba na tunanin komai."

"Kada ka sauke hannunka gobe. In ka sauke, Mama za ta sake sa rana, ni kuma ba zan ƙara yi maka magana ba."

Ina cikin neman amsa wani ya shigo.

"Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ba wanda ya tambaye ni wani abu dabam. In kana da magana ka yi ta da bakinka, ba da waya ba."

Na karanta har kumfar sabulu ta bushe a hannuna. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na tura "To."

Lahadi na je da farar rigar, wuyanta bai gama bushewa ba. An shimfiɗa farin zane mai aikin saƙa a tebur, an ɗora kwamfutar a kan tukunyar da aka kife don kyamara ta daidaita da fuskar Kaka. An sa wa Kaka 'yan kunnenta na aure. Doña Zoraida ta yi kwalliyar coci ba ta cire ba, tana ta goge tafin hannu a siket. Marbelis ta fito cikin shuɗiyar rigar da ta aro wurin 'yar'uwarta, ta ɗan yi mata yawa a kafaɗa an kama da allura, gashinta a miƙe, ƙafarta da takalmi mai rufi, tana ɗingishi kaɗan. Ba ta kalle ni ba. Ta zauna kusa da Kaka ta haɗa gwiwoyi.

Na roƙi albarka, na tsaya a bayan kujerar, na zura hannu ta ƙarfen taga. Ja. Kore. Na karkata. Shuɗi.

Kwamfuta ta yi ƙara, sai ga Renny. Ya yi ƙiba, ya sa taye, mahaifiyarsa a gefensa da gyale a wuya don sanyin can. Aka gaisa, aka tambayi hawan jini, aka tambayi ruwa da wuta, aka yi dariyar da ba ta da dalili. Ya hango gefen kafaɗata ya ce a'a, Deivis ne wannan, ya gode, ya ji duk wahalar da na sha, zai aiko mini da wani abu. Na ce babu komai. Kuma ku sani, Renny ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Hannuna ya fara tsami tun daga kafaɗa. Ƙarfen tagar ya ɗauki zafin rana yana ƙona mini damtse. Gumi yana bin bayana. Fitilar tana nan shuɗiya, ina kallonta ta wutsiyar ido, ban bari ta motsa ba.

Renny ya gyara taye, ya yi gyaran murya, ya ce Kaka Eufemia, Doña Zoraida, akwai abin da ya tara mu yau. Doña Zoraida ta dafe ƙirji. A lokacin Marbelis ta ɗago kai, ba allon ta kalla ba. Ta juyo a kan kujerarta gaba ɗaya, a gaban mamanta da kakarta da mutanen Lima, ta zuba mini ido. Babu murmushi, babu roƙo. Kallon wanda ya gaji da jira ne.

Na ƙara ɗaga hannuna sama don kada ko kalma ɗaya ta ɓace masa a hanya.

"Renny, ka yi haƙuri," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Doña, kafin ya ci gaba, ni ma ina da magana. Kuma gara ya ji ta da kunnensa."